Waƙar Minti Uku da Rabi Ta Ci Mana Wata Bakwai

Ni ba makaɗi ba ne, kuma babu makaɗi a zuriyarmu. Akanta ne ni. Karatu ne ya kai ni Leeds, a arewacin Ingila, da na gama sai na samu aiki a wani ɗan ofis da ke yi wa ƙananan 'yan kasuwa lissafin haraji, na yi zamana. Yadda aka yi har na wayi gari ina ninke kwalayen faifai 300 a kicin da ƙarfe biyun dare, wannan laifin gidan haya ne.

Gidan a unguwar Hyde Park yake, cikin layukan nan na jan bulo da ke manne da juna kamar haƙoran matsefi. Kusan kowane gida yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda a da ake jibge kwal. Yanzu ganguna ake jibgewa. Mu huɗu ne a gidan, ɗaya daga cikinmu kuma mai ganga ne a wata ƙungiyar kiɗan rok ta mutum huɗu: shi, da mai gita, da mai gitar bas, sai wata yarinya da ke rera waƙar tana kuma kaɗa gita ta biyu. Duk Talata da Lahadi sai su sauka ƙasa su yi ta dukan kaya har kofunan shayi su riƙa rawa a kan kanta. Wata uku na farko na tsane su. Daga baya na kama kaina ina wanke-wanke ina bin wani amshi nasu da baki.

Irin kiɗansu shi ake kira indi. Kalmar guntuwa ce daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai, wato mawaƙan da babu babban kamfanin faifai a bayansu. Mai gitarsu ba ya gajiya da ba da labarin ƙungiyar kiɗa ta Buzzcocks, 'yan Manchesta, waɗanda a farkon 1977 suka ranto kuɗi wurin dangi da abokai suka buga faifansu Spiral Scratch da sunan kamfanin da suka ƙirƙira da kansu, New Hormones. Yana ba da labarin ne kamar yadda dattijo ke ba da labarin hajjin ƙafa. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne wa ya cike musu takardu.

Wata rana mai ganga ya same ni a falo ina fama da fom ɗin harajin wani mai sayar da kifi. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, can ya ce suna so su saki waƙa tilo, wadda suke kira singil, amma duk wanda ya buɗe shafin rajista a cikinsu sai kansa ya yi ciwo. Mutumin nan ya taɓa tashi da asuba cikin sanyin Janairu ya kai ni filin jirgin Manchesta bai karɓi ko kuɗin mai ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce to. Daga ranar sunana ya koma Manaja.

Naɗin waƙar shi ne mafi sauƙi, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Kwana biyu muka kama a wani sutudiyo da ke cikin tsohuwar masaƙa, a watan Oktoba, kan fam 500. Rana ta farko ta ƙare a kan ganga kawai. Rana ta biyu aka ɗora gitoci da murya. Aka naɗi waƙa biyu, domin faifai fuska biyu gare shi: babbar waƙar a gaba, ƙaramar a baya. Daga nan aka yi mikisin, wato haɗa sautukan wuri ɗaya, aka tura wa wani a wani gari ya yi mastarin, wato gyaran ƙarshe da ke daidaita ƙarar. Mastarin iri biyu muka biya, ɗaya na intanet, ɗaya na faifai, don allura ba ta jure abin da waya ke jurewa.

Inda aka kusa rabuwa shi ne a teburin kicin, ranar da na ajiye musu farar takarda na ce a rubuta wa ke da me.

A Birtaniya waƙa ɗaya dukiya biyu ce. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin sauti, wadda ƙungiyar PRS ke karɓo wa marubuta kuɗinta duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko aka rera ta a dandali. Akwai kuma naɗin, wato sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wanda ƙungiyar PPL ke karɓo wa mai shi da waɗanda suka yi kiɗan. Shiga PPL kyauta ne, PRS kuwa sai an biya. Kafin a yi rajistar waƙa dole a faɗi kason kowane marubuci cikin ɗari. Na tambaye su da zuciya ɗaya, ina zaton magana ce ta minti biyar.

Mawaƙiyar ta ce ita ta rubuta baitocin, a cikin motar bas, a hanyarta ta dawowa daga aiki. Gaskiya ne. Mai gita ya ce karin da kowa ke bi da baki nasa ne, kuma da babu shi baitocin da suna nan cikin wayarta har yau. Shi ma gaskiya ne. Mai bas bai ce komai ba, yana ta juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Mai ganga kuwa ya yi wata dariya mara daɗi ya ce ai dama an saba, mai ganga shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi, shi ke da motar da ake loda kowa, amma ranar rabo sai a ce duka ba rubutu ba ne. Mutum huɗu da suka shekara uku suna cin abinci a kwano ɗaya, ga su suna kallon bango saboda kuɗin da ko ƙamshinsa ba a ji ba.

Na bar su sun yi shiru, sannan na jawo takardar na rubuta musu abin da nake hasashen waƙar za ta kawo a shekarar farko. Da suka ga adadin sai mawaƙiyar ta fashe da dariya, ta ce a kan wannan ne za su ɓata? Aka raba daidai, 25 cikin ɗari kowa, aka sa hannu, na ɗauki hoton takardar na tura wa kowa a waya. Tun ran gini tun ran zane. Ni a ganina wannan takarda ita ce aiki mafi amfani da na yi musu, domin rabo ba ya wahala sai akwai abin rabawa, kuma a ranar babu.

Sai maganar lambobi. Kowane naɗi yana da lambar shaida ta duniya mai suna ISRC, haruffa da alƙaluma 12: biyu na ƙasa, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekara, biyar na waƙar. Da ita ake bin sawun waƙa duk inda ta shiga. A gida, lokacin da nake yaro, mawaƙi yakan kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai aikinsa, daga baya kuma masu turi a bakin titi su loda wa mutane a memori, babu mai ƙirga sau nawa aka ji. A nan komai a ƙirge yake, sai dai ƙirgar ba ta hana aljihu zama fayau.

Mawaƙi ba ya ɗora waƙarsa a Spotify ko Apple Music da hannunsa, sai ta hannun dillali. Akwai su da yawa, irin su DistroKid da CD Baby da Ditto na Libaful, wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kaso. Muka zaɓi ɗaya. Na ɗora sautin, na ɗora hoton bango, na cike sunayen marubuta, na sa ranar fita. Ranar ba sai an yi shawara ba. Tun Yulin 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi a faɗin duniya, kuma makon jadawalin waƙoƙin Birtaniya, wato jerin waɗanda suka fi kasuwa, daga Juma'a yake farawa ya ƙare Alhamis. Mu jadawali ya fi ƙarfinmu: sai an saurari waƙa sau 100 daga masu biyan kuɗi, ko sau 600 daga masu ji kyauta, kafin a ƙirga ta a matsayin an sayi ɗaya. Amma Juma'ar muka bi, kamar kowa.

Spotify na ba mawaƙi dama ya tallata wa editocinsa waƙa ɗaya kafin ta fito, aƙalla kwana bakwai kafin ranar, ko za su sa ta cikin jerin waƙoƙinsu. Gurbin rubutun ɗan ƙarami ne. Mun kwashe dare guda a kansa. Mai gita yana so a ambaci makaɗa goma sha biyu da suka yi masa tasiri, ni kuwa na ce a faɗi gaskiya a taƙaice: mutum huɗu daga Leeds, waƙa a kan mai gidan haya da ba ya gyara rufi. Nawa aka tura. Ko an karanta, Allah masani.

Rediyo ya fi mutunci. Tun 2007 BBC ke da shirin da take kira BBC Introducing, inda duk mawaƙin da bai yi suna ba zai ɗora waƙarsa kyauta, ya sa lambar unguwarsa, ta tafi wurin masu shirin yankinsa. Idan sun saurara sai saƙo ya zo maka. Daga can ne wasu ke hayewa zuwa tashar 6 Music, inda masu gabatar da shiri irin su Steve Lamacq suka shekara da shekaru suna tallafa wa irin wannan kiɗa. Ina shirin ɗorawa sai mai bas, wanda ba ya magana sai da dalili, ya ce a dakata, akwai ashar ɗaya a baiti na biyu. Wallahi na ji waƙar ya fi sau ɗari ban taɓa kama kalmar ba, saboda yadda yarinyar ke haɗiye ta da harshen mutanen Yokshaya, yankin da Leeds take. Aka koma wurin mai mikisin, ya juya kalmar ta koma baibai, ya karɓi fam 30.

Yanzu faifan. Da ni kaɗai ne da ba a yi shi ba, don a lissafi asara ce tsagwaronta. Amma a wurinsu waƙar da ba ka riƙe ta a hannu ba kamar ba ta fito ba ne. Faifan garmaho ƙarami suke so, mai faɗin inci bakwai, wanda ke juyi 45 a minti. Muka yi odar 300, kuɗin ya haura fam 1,300, kowa ya kawo kasonsa, mawaƙiyar har da sayar da wata tsohuwar gitarta.

Yadda ake yinsa ya burge ni. Ana fara yanka sautin da allura a kan wani faranti mai laushi, layi ɗaya tal da ke zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Daga farantin a fitar da hatimin ƙarfe, da hatimin ake danne narkakkiyar roba. Idan sautin gitar bas ya yi yawo hagu da dama allura sai ta yi tsalle, idan harafin "s" ya yi kaifi sai ya fito kamar ana yaga tsumma. A ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, mai yankan yakan rubuta lambar faifan da hannu, kuma al'ada ce tsohuwa a ƙara wata 'yar magana a wurin. Suka ce Manaja ya zaɓa. Na ce a rubuta "sannu da aiki". Yana nan a jikin kowane ɗaya, sai ka karkata shi wajen fitila za ka gani.

Masana'antar ta ce mako goma sha biyu. Ba mu san mun faɗa lokacin cunkoso ba, domin a watan Afrilu ake bikin ranar shagunan faifai, kuma tun cikin hunturu manyan kamfanoni ke cike layi da odarsu. Mai 300 sai ya jira. A ƙarshen Fabrairu aka aiko mana da faifan gwaji guda biyar, masu farar takarda babu rubutu. Muka taru a falo kamar masu jiran ganin wata. Mai gita ya goge allura da ɗan burushi, ya saukar da ita a hankali, aka ji wannan 'yar ƙarar ta farko kamar ana taka busasshen ganye, sai ganga ta shigo. Mai ganga ya rufe fuska da tafin hannu. Fuskar farko lafiya lau. Da aka juya baya, wajen minti na biyu, sai muka ji "ƙas". Juyi ɗaya, "ƙas". Juyi ɗaya, "ƙas". Sau shida. Muka sa na biyu, a wuri ɗaya. Muka ɗauki na uku muka tafi gidan wani abokinsu mai garmaho mai tsada, ko namu ne ke da matsala. Nan ma haka.

Na rubuta wa masana'antar. Amsar farko cewa suka yi mu wanke faifan. Na ɗauki sautin a waya, na rubuta minti da daƙiƙar kowace ƙara a jere kamar ina haɗa rahoton odita, na sake turawa. Bayan kwana tara suka amsa cewa hatimin ne ya samu tabo, za su sake. Mako biyar suka ƙaru. Ranar fita kuwa an riga an sanar, an kama ɗakin wasa, an manna fosta a sandunan fitilar unguwa.

A cikin wannan jira ne Yayana ya kira daga Zariya. Na yi kuskuren gaya masa abin da ke hana ni barci.

"Kai yanzu duk karatun da aka yi maka, bin makaɗa ka koma?"

Na ce, "Yaya, ba kiɗa nake yi ba, takardu nake riƙe musu."

Ya ce, "To ai shi ne sanƙira. Allah Ya shirya. Kada dai Inna ta ji."

Kwalayen suka iso ranar Talata, saura kwana uku. Don rage kuɗi, bangon faifan a shimfiɗe muka sa aka buga shi, mu za mu ninke. Dare biyu muka yi a kicin: ɗaya na ninkewa, ɗaya na zura faifai, ɗaya na buga hatimi, ni ina rubuta lamba da biro, 1 zuwa 300. Wajen na 180 hannuna ya fara rawa, akwai guda biyu masu lamba 187 a duniya.

Waƙa tana fita ne da ƙarfe goma sha biyun dare na kowace ƙasa, don haka mutanen Niyu Zilan sun riga mu ji da kusan rabin yini. Mu muka zauna a kicin daren Alhamis, kowa da waya a hannu. Sha biyu ta buga, ga ta a Spotify, da hotonta da sunansu. Aka yi ihu har maƙwabci ya buga bango. Sai mai bas ya ɗaga wayarsa ya nuna mana wata manhajar daban. Waƙar tana nan, amma a shafin wasu masu irin sunansu daga wata ƙasa, masu irin kiɗan rok ɗin nan mai ruri da ake kira metal, da hotonsu sun shafa baƙin kwalli har kumatu. Ana wata ga wata. Na kwana ina cike fom ɗin ƙorafi. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya kafin a raba mu da su, kuma har yau ina tunanin mabiyansu da suka buɗe suna jiran ruri suka ji yarinya tana kukan rufi mai yoyo.

Da rana na tafi Juma'a a Masallacin Makka da ke nan cikin unguwar, taku kaɗan daga Brudenell Social Club, ɗakin wasan da kowane makaɗin Leeds ke mafarkin cikawa. Na kashe waya. Da na fito na kunna, saƙo ya fi arba'in. Editocin Spotify ba su sa mu a ko'ina ba. Amma ga imel daga BBC: za a sa waƙar a shirin yankinmu. Ranar da aka sa ta muka kewaye wata tsohuwar rediyo, mai gabatarwa ya faɗi sunansu daidai, ya ce daga Leeds, kalmar nan ta wuce a juye babu wanda ya lura. Mahaifiyar mai ganga ta kira tana kuka.

Wasan ƙaddamarwa a wani ɗaki aka yi mai cin mutum kamar 100, a saman wata mashaya. Ni ina bakin ƙofa da lemona, da teburi, da na'urar karɓar kati. Mutum 74 suka biya. Na sayar da faifai 41 a daren, kowanne fam 8. Wani dattijo mai furfura ya sayi biyu, ya zaro ɗaya ya karkata shi a fitila, ya tambaye ni wane yare ne wannan. Na gaya masa. Ya sa na maimaita sau uku har ya iya faɗa.

Sauran kuwa tafiyar ƙafa ce. Leeds na da tsofaffin shagunan faifai irin su Jumbo da Crash, kuma shagunan irin wannan kan karɓi kayan 'yan gari bisa sharaɗin in an sayar a biya, in ba a sayar ba ka zo ka kwashe. Na bar biyar nan, biyar can. Muka buɗe shafi a Bandcamp, dandalin intanet da mawaƙa ke sayar da kayansu kai tsaye, oda ta riƙa shigowa ɗaya-ɗaya, ni kuma ina zarya gidan waya da hutun cin abincin rana. Wani daga Jamus ya saya, kuɗin aikawa da fom ɗin kwastan suka fi kuɗin faifan, tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai.

Bayan wata uku lissafin dillali ya zo. An saurari babbar waƙar sau dubu tara da 'yan kai a duk manhajoji, kuɗin ya kama fam 26 da 'yan canji. Ƙaramar kuwa ba ta kai sauraro 1,000 a Spotify ba, kuma tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai haka a cikin wata goma sha biyu ba, ba ta samun ko kwabo na naɗi a can. Faifai huɗu da na sayar a bakin ƙofa sun fi sauraro dubu tara kawo kuɗi. Ni da na ce faifai asara ne, na haɗiye maganata a gaban kowa, mai gita kuma bai bar ni na manta ba. Da na haɗa komai, har yanzu ana bin kowannensu bashin kansa kusan fam 200. Ba su damu ba. Mai ganga cewa yake English Teacher ma, wata ƙungiyar kiɗa ta Leeds, a irin waɗannan ɗakuna suka fara, ga shi sun ci babbar kyautar waƙa ta Mercury a 2024. Wani mai shirya wasa a garin Shafil ya ji su a rediyo ya gayyace su, sun riga sun fara gardamar waƙar da za ta biyo baya, kuma na ga an sake ajiye farar takarda a kan teburin kicin.

Faifai 112 suka rage, suna cikin kwali a ƙarƙashin matakala, kusa da injin shara. Ɗaya daga cikin masu lamba 187 na ba wani da zai je gida ya kai wa Yaya. Ya yi sati biyu yana cigiyar garmaho, har ya samu wurin wani tsohon ma'aikacin reluwe a Sabon Gari. Ya kira ni da daddare.

"Na ji abin naku. Mai gangar nan ba laifi, ya iya hannu. Amma ita yarinyar mura take yi ne?"

Na ce haka muryarta take, Yaya.

Ya ce, "To a ba ta citta."